Na Kai Inna Silima, Yaya

Zuwa ga yayana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, irin wadda ƙanwa take yi wa babban wanta a durƙushe, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu nan Giza muna lafiya gwargwadon hali. Inna tana nan, ni ma ina nan, karatu yana tafiya da daɗi ba daɗi. Gida yana nan yadda ka bar shi, har famfon kicin ɗin da ka shekara biyu kana cewa gobe za ka gyara.

Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Na kuma san a shafina na intanet zan sa ta, mutane su karanta, wasu su yi maka addu'a, wasu su ce ƙanwar Nasiru ta fara taɓuwa. Duk na ji na yarda. Roƙona ɗaya ne ga masu karatu: Inna ba ta yi boko ba, kuma duk wanda ya ɗauki waya ya karanta mata abin da na rubuta a nan, shi da Allah.

Dalilin rubutowa shi ne, ranar Asabar da ta wuce na kai Inna silima. Eh, silima, ni da kaina.

Ka tuna zuwanmu na farko? Sama da shekara huɗu ke nan, lokacin da ka ɗauko Inna daga Azare aka cire mata yanar ido. Kai ne tafintan marasa lafiyar da suke zuwa daga gida neman magani, babu asibitin da ba ka san ƙofar bayansa ba a unguwar Mohandessin, don haka duk abin da ka ce likita ya ce, ya zauna. Da aka kwance bandeji ta fara gani, sai ka zo mata da fuskar mutanen kirki ka ce likita ya ce sai an gwada idon a babban allo, in ba haka ba aikin zai lalace. Inna da ko gidan biki ba ta zuwa sai ya zama dole, Inna da a wurinta silima matattarar 'yan iska ce, ta ɗauki mayafi ta biyo mu tana salati. Kai kuma kana gaba kana cewa, "Yalla, Inna, kar idon ya huce." Na san ƙarya kake shara mata, amma ka yi mini alkawarin gugguru, sai na kama bakina.

Fim ɗin jarumin nan ne baƙar fata, mai rufe fuska in zai yi faɗa, wanda duk ɗaliban Afirka na garin nan suka yi ta tururuwar kallo. Inna ba ta jin Turanci, rubutun Larabcin da yake gudu a ƙasan allo kuma ko mai ido biyu lafiyayyu sai ya yi da gaske. Sai ka zauna a damanta ka zama bakin kowa. Fassarar taka kuwa, Allah Ya yafe maka. Jarumin ka raɗa masa suna Ɗanlami. Mugun ka mayar da shi tsohon kansila da ya faɗi zaɓe. In suka yi doguwar maganar kimiyya sai ka ce, "Inna, cewa ya yi a kawo abinci." Wani Balarabe a bayanmu ya gaji ya taɓa kafaɗarka, ka juya ka ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri, hajiya ce take gwajin ido. Mutumin ya dawo yana ba ka haƙuri, har da addu'ar samun sauƙi.

Abin da ban manta ba shi ne Inna. Tun da jarumin ya cire abin fuskarsa ya yi murmushi ta ce, "Kai, wannan yaro da hankali yake." Ya sunkuyar da kai gaban wani dattijo, ta ce Allah Ya yi masa albarka. Aka buge shi ya faɗi, ta dafe ƙirji ta ce a tashe shi mana, ana kallo. Awa biyu tana sa wa ɗan mutane albarka da ƙarfi, kai kana gefenta maƙogwaronka ya bushe da fassara, ko sannu ba ka samu ba.

Kai ɗan fari ne, Inna kuma ta mutanen da ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. "Yayanku" ne, ko "wancan", in ranta ya ɓaci kuma "mutumin nan". Ba ta yabonka. Ba ta tambayar ko ka ci abinci, sai dai ta ce mini akwai saura a tukunya kar ya lalace, in na buɗe in tarar duk naman miyar yana cikin sauran. In ka durƙusa gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Kunyar ɗan fari ke nan, kowa a gidanmu ya san ta, kai ma ka san ta. Amma da muka fito ranar, muna sauka matakalar tashar jirgin ƙasa ta metro, ka matso kusa da ni kana dariya ka ce, "Kin ga Ɗanlami? A awa biyu ya samu abin da na shekara talatin ina nema." Na taya ka dariya a lokacin, yanzu kuwa in na tuna dariyar ba ta zuwa.

Daga nan ba ka bar ta ta koma gida ba. Baba ya daɗe da rasuwa, ni ina nan ina karatu, don haka duk bayan wata shida sai likita ya sake cewa wani abu. Ta zauna, ta saba da baranda, ta koyi kalmar Larabci guda ɗaya tak, khalas, wato ya isa, tana kashe duk maganar da ba ta so da ita. Lokaci lokaci kuma sai ta tambaye ni ina labarin yaron nan Ɗanlami, kamar ɗan maƙwabta ne da ya tafi bautar ƙasa.

Da labari ya zo cewa ɗan wasan da ya fito a Ɗanlami ya rasu, rasuwa ta gaske, ka shigo ɗakina da waya a hannu jikinka a sanyaye. Ka ce kar a gaya wa Inna. Ka ce me za a ɗaga wa tsohuwa hankali a kai, in ta tambaya a ce yana lafiya. Haka muka yi ta yi. Ta tambaya, mu ce lafiyarsa ƙalau, ta ce madalla.

Sai ga naka. Wata goma sha ɗaya ke nan. Ka raka wani dattijo ɗan Gusau ganin likita, ka gama fassara masa tsaf, ka fito ka zauna a kan matakala ka ce kanka yana juyawa. Shi ke nan fa. Abokanka suka zo gida suka yi yadda ake yi, suka ce wa Inna jikinka ne ya ɗan motsa, kana asibiti ana dubawa. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce su zauna mana, ta tashi ta yi alwala. Ba ta tambayi wane asibiti ba.

Ba ta yi kuka ba, Yaya. Ranar ba ta yi ba, ranar uku ba ta yi ba, ranar arba'in ba ta yi ba. Matan ma'aikatan jakadanci da matan ɗalibai suka cika falo suna cewa ba su taɓa ganin mai tawakkali irin Inna ba. In aka yi mata gaisuwa sai ta nuna ni ta ce, "Ga mai rashin nan, ita za ku yi wa." Ni na yi kukan har muryata ta dushe, aka yi ta ce mini in yi koyi da mahaifiyata.

Duniya kuma ba ta tsaya ba, in kana son sani. Abokanka sun raba marasa lafiyarka a tsakaninsu. Wayarka ta yi wata biyu tana ƙara, mutane daga Kano da Sakkwato suna neman Malam Nasiru ya taro su a filin jirgi, ni ce mai ba su lambar wani. Har na ji haushin yadda komai ya ci gaba da tafiya sumul ba tare da kai ba. Inna ce kaɗai ta tsaya.

Masu yabo sun tafi da yabonsu, ni aka bari da ita. Ni nake ganin tuwon da take turewa bayan loma biyu ta ce khalas. Ni nake ganin zanenta yana neman zagaya ta sau biyu. Ta daina sauraron labaran Hausa a waya, ta daina yi mini faɗan dawowa a makare, ta daina zaman baranda tana kushe shanyar maƙwabta. Na kai ta an auna duk abin da ake aunawa. Likitan, na gaske wannan karon, ya ja ni gefe ya ce hajiya ba ta da cuta, amma mutum ba ya rayuwa a kan shayi da tasbihi. Na tsorata, Yaya, tsoron da ban taɓa yi ba. An binne ka a ƙasar mutane, ga shi ina ganin kafin shekara ta zagayo za a sake haƙa wani kusa da kai.

Daga wurin likitan nan muke dawowa, tasi ta maƙale a cunkoson Mohandessin, sai na ji ta taɓa ni. Wani ƙaton allon talla take nuna mini a saman gini, an zana abin rufe fuskar nan shi kaɗai, babu mutum a ciki. Ta ce, "Ba na yaron nan ba ne? Sun sake wani?" Na ce eh, na biyu ne ya fito. Sai da muka yi nisa sannan ta ce, "Da an je an gani." Wata goma ba ta nemi komai a wurina ba, ko ruwan sha. Abu na farko da ta nema shi ne wanda na fi tsoron ba ta.

Don na riga na ji labarin fim ɗin, ɗalibai sun yi ta musu a kansa. Masu shi ba su ɗauko wani sun sa masa rigar ba. Sun bar jarumin ya mutu a labarin kamar yadda mai shi ya mutu a duniya, suka ci gaba da waɗanda ya bari. Kwana uku ina juya abin a raina. In na kai ta, na zaunar da uwar da aka yi wa rashi a gaban jana'iza. In na hana ta, na kashe abu ɗaya da ya motsa a ranta. Daga ƙarshe na ce ai ni ce tafinta yanzu, abin da na faɗa shi za ta ji. Na ƙudurta zan bi hanyarka in shara mata.

Muka je na bayan azahar, a Wustul Balad, can tsakiyar gari, silimar da ka kai mu. Mai tikiti ya juyo mini da zanen kujeru in zaɓa, bakina ya riga ni, na ce uku. Sai da ya miƙo su na lura, kuma ban mayar ba. Inna ta zauna, na zauna a hagunta inda na saba, kujerar dama ta zauna haka nan. Ta kalle ta sau ɗaya ta ɗora jakarta a kai.

Aka kashe fitilu. Ba a jima ba aka ɗauko gawar Ɗanlami. Mutane a jere suna tafiya a hankali, mata suna kuka, babu faɗa babu guje-guje. Silimar ta yi tsit, har masu gugguru suka daina tauna. Na matsa kusa da kunnenta, na tattaro ƙaryar da na kwana uku ina haɗawa, na ce mata Ɗanlami ne zai yi tafiya mai nisa, shi ne mutanen gari suka fito rakiya.

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ke Hauwa, yaushe aka fara raka matafiyi a kwance?"

Kai ka yi awa biyu kana mayar da mugu kansila an bar ka, ni magana ɗaya na yi aka kama ni. Sai a lokacin na gane kai ma ba tsira ka yi ba, taka ƙaryar daɗi take yi mata shi ya sa ta ƙyale ka. Har aka kai rabin fim ban ƙara fassara mata komai ba, ita ma ba ta nema ba.

Ka san yadda suke yi a nan, a tsakiyar fim a kunna fitilu a ba da hutu. Mutane suka tashi sayen lemo. Inna tana zaune ƙyam, hannayenta a kan cinya, ta ce, "A wasan ne kawai, ko har a duniya?" Na ce har a duniya. Ta ce tun yaushe, na ce an fi shekara biyu. Ta ce yayanku ya sani? Na ce ya sani, shi ya ce kar a faɗa miki. Ta gyaɗa kai ta ce shi ya sa ba su sa wani a madadinsa ba. Na ce eh, sun ga ba za su iya ba. Ta ce, "Ina za su iya."

Sannan ta tambaye ni ko uwarsa tana da rai. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Tana nan. Ai sai an bar ta ta gani."

Yaya, wani sauti ya fito daga ƙirjinta irin na ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, tana cewa, "Wayyo baiwar Allah. Yaro mai hankali. Wayyo baiwar Allah." Fitilu a kunne, Larabawa suna kallo, Innar da ta yi arba'in ɗinka ido a bushe.

Wata mata mai jiki a layin gabanmu ta juyo ta miƙo tishu, tana bubbuga gwiwar Inna tana cewa ma'alish ya hagga, wato haƙuri hajiya, duk mun yi kukansa, ɗanmu ne mu duka. Inna ba ta ji abin da ta ce ba, amma ta riƙe hannun matar gam. Ban fassara ba, ban kuma gyara wa matar zance ba. Na so in ce mu tafi gida, sai na ga in na taɓa ta za ta tuna ko ita wace ce, ta haɗiye abinta. Na bar ta. Kukan ɗan wata mata take yi, babu wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Aka kashe fitilu aka ci gaba. Gaskiya ba zan iya ba ka labarin ragowar ba. An yi faɗa, an rushe gine-gine, waɗanda ya bari sun yi ta tuntuɓe suna tashi, kowa ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. Da kana nan da ka ce bai kai na farko ba, da mun yi musu har gida, kuma da na ƙi yarda ko da na san gaskiyarka ce. Sau ɗaya na sake gwada fassara, Inna ta ce, "Bari, ba ki iya ba." Ka ji, ko a nan ba a ba ni matsayinka ba, kuma wallahi daɗi na ji.

Muka fito rana ta yi sanyi, muka tari tasi zuwa Giza. Direban ya kalli idonta ta madubi ya rage rediyo. A kan gada cunkoso ya riƙe mu. Inna tana kallon kogi ta taga, sai ta fara magana, muryarta a dushe.

Ta ce yaron nan daga gani bai ba uwarsa wahala ba. Na ce haka ne. Ta ce irinsu tun suna ciki ake gane su. Ta ce ranar Laraba aka haife shi, ana ruwa, kafin ungozoma ta iso ya riga ya faɗo. Na buɗe baki zan ce Ɗanlami ai ɗan Alhamis ne, sai na tuna wanda aka haifa ranar Laraba a gidanmu. Na rufe bakina.

Ta ce bai yi tafiya da wuri ba, sai da ya shekara da wata biyar. Mata suna ta surutu, uwar tana ji ba ta da bakin kare shi, amma in ɗaki ya zama ba kowa sai ta tsayar da shi ta ba shi yatsunta ya riƙe, tana ja da baya yana biyo ta. Ta ce da aka yaye shi aka kai shi gidan kakarsa, uwar ta yi wata guda kullum da hantsi kazarta tana ɓacewa, kullum kuma bayan katangar gidan kakar take zuwa nema. Babu kazar da ta ɓata, muryarsa take zuwa ji. Ta ce ranar da ya zo sallama zai tafi karatu ƙasar waje, "to" kawai uwar ta ce masa, ta shige madafa ta hura ɗanyen itace, don in an ga idonta a ce hayaƙi ne. Ta ce duk wayar da ya bugo wa babansa, in tana daka a tsakar gida, sai ta sassauta taɓarya.

Haka ta yi ta yi har ƙofar gida. Ni ina gefe ina cizon bakin hijabina don kar in yi sautin da zai katse ta. Shekarata ashirin da huɗu a gabanta, ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma na san kai ma ba ka ji ba.

Da ta idar da magariba ta ce in dama mata kunu. Ta shanye ta ce a ƙara. Na zo karɓar kofin sai ta riƙe shi ba ta saki ba, ta ce, "Hauwa, kina ganin yaron ya san uwarsa tana sonsa? Tunda ba ta taɓa faɗa masa ba." Na ce ya sani, Inna. Ta ce kin tabbata? Na ce na tabbata. Sannan ta saki kofin.

Kwana shida ke nan tana cin abinci. Jiya har ta yi mini faɗa a kan gishiri, na shiga ɗaki na yi sujada. Ina jin za a bar mini ita, Yaya.

Amma ni na san ban tabbata ba. Ka tafi ban taɓa zaunar da kai na tambaye ka ba, kai kuma komai sai ka mayar da shi wasa. Shi ya sa na zauna na rubuto maka yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Saƙon naka ne, ya daɗe a hanya, ta hannuna kawai ya biyo. In ka sani, to ga ƙarin bayani. In kuma ba ka sani ba, Yaya, tana sonka, ta fi sonka a kan mu duka, kuma ni ban ji kishi ba ko kaɗan.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa hidimar da ka yi wa marasa lafiya a ƙasar nan ta tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Allah Ya sanyaya zuciyar duk uwar da aka bari ta ga bayan ɗanta, har da waccan baiwar Allah da ba mu sani ba. Allah Ya ja mini kwanan Inna cikin lafiya. In nata lokacin ya yi kuma, Ya haɗa ku a inda za ta kalli tsakiyar idonka ta faɗa maka da bakinta, ba sai ta ari ɗan wata ba.

Taka har kullum,
ƙanwarka Hauwa'u,
daga Giza.